Ɗiban Wuta a Gidan Maƙwabta

Ɗana, lokacin da muke yara, kafin ashana ta wadata a ƙauyuka, mutuwar wutar murhu ba ta sa a kwana da yunwa. Uwa takan miƙa wa yarinya tsingaro ta ce, "Maza je ki gidan su wance ki ɗebo mana wuta." Yarinya ta yi sallama, a zuba mata garwashi biyu ko uku, ta taho tana kare shi da tafin hannu kada iska ta kashe. In ta iso sai a sa ƙirare, a durƙusa a yi ta hurawa, hayaƙi na shiga ido, har wuta ta kama. Itacen namu ne, hatsin namu ne, hannun da ya tuƙa tuwon kuma na uwarmu ne. Ban taɓa jin maƙwabciya ta zo ta ce tuwon nata ne don da garwashinta aka dafa ba, ban kuma taɓa jin uwarmu ta ɓoye gidan da aka ɗebo wutar ba. Amma da yarinyar nan za ta shiga ta sauke tukunyar mutane daga kan murhu ta taho da ita, da sunan abin ya canza, da kuma an ji kanmu a unguwa.

Na ga ka fara rubuce-rubuce, na kuwa ji daɗi ƙwarai, shi ya sa na ɗauko maka wannan zance. 'Yata, ke ma da ke nake. Ko waƙa kake yi, ko labari, ko zane, ko ɗinki, ko shirin fim, maganar ɗaya ce.

Samari iri biyu suke kawo mini takardunsu in duba, dukansu kuwa suna ba ni tausayi. Na farko yakan ce, "Baba, ni ba na karanta littafin kowa, kada tunanin wani ya gurɓata nawa." In na buɗe aikinsa sai in tarar da murhu mai sanyi. Yana zaton sabon abu ya ƙago, alhali abin da ya rubuta an rubuta shi sau ɗari kafin a haife shi, an kuma rubuta shi fiye da yadda ya yi, bai dai sani ba ne don bai leƙa ba. Na biyun ya karanta, ya kalla, ya saurara, amma tukunyar ya sauko da ita ɗungurungum. Sunayen mutanen cikin labarin kaɗai ya sauya. Ina son ka tsira daga hanyoyin nan biyu, kuma ban san wanda zai fi nuna maka ta ukun ba kamar Alhaji Abubakar Imam, Allah Ya jiƙansa.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga gasar nan aka sami Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ruwan Bagaja na ƙanen Malam Bello, wato Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina yana ɗan shekara 22. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Muƙamatul Hariri, in ya ɗauki Ruwan Bagaja zai ji ƙamshin da ya sani. A wajen Hariri akwai mutum biyu da suke ta haɗuwa gari-gari, ɗaya mai ba da labari, ɗaya kuma tsohon mai wayo da yake fitowa kullum da sabuwar kama. A Ruwan Bagaja ma ga Alhaji Imam nan ga Malam Zurƙe, suna rabuwa suna sake gamuwa, kowa na rama abin da aka yi masa. Amma ka dubi abin da ya sauya. Hariri gwanintar Larabci yake nunawa, har sai ɗalibi ya nemi sharhi kafin ya tsallake shafi ɗaya. Imam kuwa ya bar wa Hariri wannan nauyin, ya ɗauko ƙashin bayan abin kaɗai, ya lulluɓe shi da barkwancin da ake yi a tashar fatake da zauren baƙi da gaban alƙali. Yaron firamare yana karantawa yana dariya.

Shi ma Hariri, wanda ya rasu a 1122, ba daga sama ya tsinci muƙama ba. Badi'uz Zaman Alhamazani ne ya riga shi, kuma a gabatarwar littafinsa ya faɗa da bakinsa cewa sawun wancan yake bi. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Da East ya ga hannun saurayin nan, sai ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936. Aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na Indiya, aka ce ya karanta ya rubuta wa yaran makaranta abin karatu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. Masu nazari sun bi diddigin labaran cikinsa, sun iske wasu a Dare Dubu da Ɗaya, wasu a Kalila wa Dimna, wasu a tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, su Grimm, suka tattara, wasu kuma a wasu wuraren. Na taɓa ganin ɗalibin da ransa ya ɓaci ranar da ya fara jin haka, kamar an ce masa kakansa ba ɗan gari ba ne. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan sani ƙara wa Imam girma yake yi a idon wanda ya san wuyar aikin.

Ɗauki akun da yake ba da labaran cikin Magana Jari Ce. A Indiya akwai tsohon littafi na labarai saba'in da wani aku yake bayarwa, Farisawa ma sun juya shi zuwa harshensu. A can, wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa, kullum dare in ta yi shirin fita wajen wani namiji sai aku ya tsare ta da labari har gari ya waye. Da Imam mai kwafa ne, da haka zai kawo shi, da kuma babu uban da zai yarda ɗansa ya shigo masa gida da littafin. Sai ya tsaya ya tambayi kansa, mene ne ainihin abin da yake riƙe da wannan gini? Amsar ita ce, mai hikima mara ƙarfi yana hana mai ƙarfi mara haƙuri faɗawa halaka, ba shi da makami sai baki. Wannan shi ne garwashin. Ya ɗebo shi, ya kawo shi fadar Sarki Abdurrahman, inda sarki ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa, Waziri kuma ya ɗana wa yaron tarko a waje. Yanzu abin da ake tsoro makircin fada ne da rikicin gadon sarauta, abin da kowane Bahaushe na wancan zamani ya san zafinsa. Ko taken littafin ma daga nan ya tsiro.

Ko kuma ka dubi labarin Kalala da Kalalatu. A wajen su Grimm, wata kuku ce ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo. Da baƙo ya iso sai ta raɗa masa cewa wuƙar da yake jin ana wasawa ta yanke kunnuwansa ce, ya ruga, ita kuma ta shiga ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kajin. A gidan talakan Bahaushe babu kuku. Imam ya mai da ita matar gida, nan take labarin ya zama na zaman aure da hidimar baƙi, ya zauna daram a tsakar gidanmu har babu mai ce masa baƙo. Sauyin a ido ƙarami ne, amma sai wanda ya san gidan Bature ya kuma san gidan ubansa zai iya yin sa. Ka lura da wannan da kyau, ɗana. Karatun littattafan waje rabin aikin Imam ne kawai. Ɗaya rabin shi ne kunnen da ya kasa tun yana yaro a Kagara da Katsina, yana jin yadda fadawa suke magana, yadda kishiyoyi suke habaici, yadda maroƙi yake zuga. Wanda bai san gidansu ba, in ya ɗebo wuta ma ba shi da inda zai hura ta.

Kada kuma ka ɗauka Turawa ne suka koya mana wannan. Malamanmu sun daɗe da ba abin suna da ƙa'ida. Ka san tahmisi. Mawaƙi ya sami waƙar wani mai ƙwar biyu, sai ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti ya zama ƙwar biyar, bisa karin mai waƙar, da amsa-amon da zai dace da nasa, ma'ana kuma ta gangaro ta shige cikin ta asali ba tare da an ga tabo ba. Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu haka take, baitocin Alfazazi ne tare da tahmisin Ibnu Muhibbi. Tabbat Haƙiƙa kuwa hannu uku ta bi a gida ɗaya: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahmisi. Babu wanda ya ce Nana ko Isa sun rasa basira. Kowa ya san iyakar gonar kowa, sunan kowa kuma yana nan a inda ya yi aiki. Ni a ganina babu horon da ya fi tahmisi amfani ga mai koyon waƙa, domin yana tilasta maka ka shiga cikin tunanin wanda ya fi ka, ka yi numfashi irin nasa, sannan ka nemo abin da za ka ƙara wanda ba zai ji kunyar tsayawa kusa da nasa ba. Gwada da baiti biyar kacal, za ka san inda ƙarfinka ya tsaya.

Wani lokaci ma saɓani ne yake kunna mutum. Da Malam Sa'adu Zungur ya yi Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, Alhaji Mudi Sipikin bai yarda da matsayinsa ba, sai ya mayar masa da martani da waƙarsa, Arewa Jamhuriya Kawai. In ka karanta abu ka ji ranka yana cewa ba haka ba ne, kada ka tsaya ga tsaki. Ɗauki alƙalami.

Makaɗanmu na baka ma da wuya ka sami wanda ya fara da jagorancin ƙungiya. Yaro yakan shekara da shekaru cikin 'yan amshi, yana maimaita abin da ubangidansa ya faɗa, yana lura da inda ake jan murya da inda ake sauke ta, da yadda ake karanta fuskar sarki kafin a jefa zambo. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a bayan mahaifinsa ya fara, cikin waƙoƙin noma, kafin muryarsa ta cika fadoji. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Amma ɗan amshin da ya kafa tasa ƙungiya ya ci gaba da rera waƙoƙin maigidansa kaɗai, har ya tsufa ɗan amshi za a kira shi.

To yaya ake fita daga inuwar maigida? Akwai labarin da ake bayarwa a littattafan adabin Larabci game da Abunawas. Wai ya nemi izinin malaminsa, Halaful Ahmar, ya fara waƙa. Malam ya ce sai ya haddace waƙoƙi dubu na magabata. Ya tafi ya daɗe, ya komo ya kawo hadda. Malam ya ce saura ka manta da su. Abunawas ya ce wannan ai ya fi na farko wuya. Ya sake tafiya ya kaɗaita har baitocin suka dushe a ransa, sannan aka ce masa yanzu yi waƙa. Na daɗe ina juya wannan labari. Abin da na fahimta shi ne, abincin da ka ci ba ya amfanin jikinka sai ya narke ya daina kama da abinci. In ka gama littafin da ya burge ka yau, ka zauna rubutu gobe da safe, muryar mai littafin ce za ta fito daga bakinka. Ba shi lokaci. Je ka gona, je ka kasuwa, karanta wani abu dabam. Abin da ya rage a zuciyarka bayan wata biyu, wanda ka kasa tuna ko a shafi na nawa yake, shi ne ya zama jininka.

A nan ne nake jin ciwon abin da ya sami wasu finafinanmu. Mutanenmu sun so finafinan Indiya tun ana nuna su a gidajen silima a shekarun 1960, kuma da dalili. Sun ga auren dole, sun ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, sun ga girman iyaye da rikicin mai kuɗi da talaka, abubuwan da suka yi kama da namu. Babu laifi a wannan so. Laifin ya zo ne sa'ad da wasu suka riƙa ɗauko fim sukutum, fage bayan fage, har da yadda jaruma take juya wuya, aka sa wa mutanen ciki sunayen Hausawa. Sai ka ga ana abin da babu gidan da ake yin sa daga Kano har Damagaram. Mai kallo ba wawa ba ne. Ya ga na asalin, da kuɗin da aka kashe masa da kayan aikin da ba mu da su, me zai sa ya girmama kwafin? Kayan aro ba ya rufe katara. Da sun yi wa fim ɗin tambayar da Imam ya yi wa littafin aku, da sun gane abin da ya sa uwayenmu suke kuka a gabansa, su nemo inda wannan ciwon yake a cikin gidajenmu, su gina nasu a kai. Waɗanda suka yi haka a cikinsu, ayyukansu ne ake tunawa.

Yanzu bari mu koma kan Hariri da ya ambaci wanda ya riga shi, domin nan ne maganar ta tashi daga gwaninta ta koma amana. Littattafan balaga da ake karantawa a zaurukanmu suna rufewa da babi a kan satar waƙa, inda aka rarrabe aron da ya halatta da wanda yake abin kunya. Malamai kuma suna cewa albarkar ilimi tana cikin jingina magana ga mai ita. Wata yarinya da na koyar ta taɓa zuwa wurina tana hawaye. Ta shafe wata da watanni tana rubuta labari, tana tura wa ƙawayenta ta waya babi-babi, sai ga shi yana yawo da sunan wani, har ana biyansa kuɗi kafin a karanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta daina rubutu daga ranar, na yi lallashin duniya ta ƙi komawa. Wanda ya yi mata haka yana ganin labari ɗaya ya ɗauka, alhali duk waɗanda za ta rubuta nan gaba ya kashe. Kada ka zama shi, ɗana, ko da babu mai kama ka. Haƙƙin mutum ne, kuma za a tambaye ka. In ka ɗauki tsarin wani, faɗi. In jimlarsa ka ɗauka, sa sunansa a kusa da ita. In aikin gaba ɗaya kake son juyawa zuwa fim ko wasan rediyo, je ka nemi izininsa, ku yi magana a kan haƙƙinsa. Faɗin inda ka samo abu ba ya rage ka da komai. Ni in na ga yaro ya ambaci malamansa, nan nake sanin ya yi karatu.

Sai kuma yadda za ka riƙa duban aikin wasu. Tela in ya ga riga ta burge shi, ba ya tsayawa ga yaba aska takwas ɗin da ke gabanta. Juya ta yake yi ya dubi cikin, ya ga inda aka haɗa, inda aka ninke, inda allura ta koma baya. Karatun farko ka yi shi don jin daɗi, kamar kowa. A na biyu ka juya rigar. Me ya sa marubucin ya fara daga nan bai fara daga can ba? A ina ya ɓoye maka abu, a ina ya bayyana? Wace kalma ce in an cire ta baitin zai rushe? Ka tanadi ɗan littafi da za ka riƙa rubuta irin waɗannan, kowanne da sunan inda ka gan shi, saboda bayan shekara biyar zuciya takan yi wa mutum ƙarya ta ce masa shi ya ƙago.

Kada kuma ka tsare kanka a gidan masu sana'arka kaɗai, ko a gidan 'yan yarenka. Dubi bayan takardar naira 20, za ka ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Bagwariya ce da ta koyi sana'ar a hannun mata 'yan'uwanta, ta riga ta gwanance kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau. A can ta koyi shafa wa tukunya ruwan ƙyalli da gasa ta a wuta mai tsananin zafi, amma ba ta yar da siffar tulun garinsu ba, ba ta kuma daina zana ƙadangare da kunama da kifi a jikinsa ba. Abin da ya kai tukwanenta Ingila da Amurka ke nan. Marubuci yana da abin koyo a wurinta, kamar yadda yake da shi a bakin marinar Ƙofar Mata, ko wajen magini mai ɗaure bakan gizo, ko gaban tsohuwar da ta iya tatsuniya. Wannan ta ƙarshen ma ka gaggauta zuwa wurinta, domin irinsu suna ƙarewa, kuma abin da ke bakinta babu shi a wayarka.

Ga aikin da nake so ka fara a makon nan. Nemi Magana Jari Ce, zaɓi labari ɗaya, karanta shi sau biyu yadda na gaya maka, sannan ka rufe littafin ka mayar wa mai shi. Bari kwana bakwai su wuce. A rana ta takwas ka zauna ka rubuta shi kamar a unguwarku ya faru a bana, da mai shayin bakin titi, da ɗan acaɓa, da irin maganar da kake ji in an taru a majalisa bayan Isha'i. Duk abin da ka ga ba zai yiwu a unguwarku ba, cire shi ko da shi ne ya fi ba ka dariya, ka nemo abin da zai maye gurbinsa daga abin da idonka ya gani. A ƙasan shafin ƙarshe ka rubuta sunan labarin da ka ɗauko da sunan Abubakar Imam. In ka gama, kawo mini ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka zo da biro ja, mu zauna a zaure mu bi shi layi-layi.